Takardun Nota da Yajin Tsire

Celo babban goge ne na Turawa, wanda ake jingina shi a ƙirji a kaɗa a zaune. Na koye shi a Jidda da girmana, wurin wani dattijo ɗan Sudan. Kafin ya rasu ya ba ni takardun nota, wato kiɗa a rubuce, na wani tsohon kiɗan Turai na zamanin da ake kira barok, irin wanda celo ke ja gaba sauran kayan kiɗa suna amsa masa. Ko'ina a shafukan akwai rubutunsa da fensir: inda zan sa yatsa, inda zan sassauta bakan gogen, da wani wuri da ya rubuta "yi haƙuri nan".

Kowace shekara idan aikin Hajji ya gabato muna ba alhazai hayar ɗakunanmu na unguwar Jarwal a Makka, mu kai kayanmu ajiya gidan yayata, har da takardun nan. Mijinta mai tsire ne, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana ƙin kiɗan nan ba. Yakan ce mace a Makka da goge tsakanin gwiwoyi abin kunya ne ga dangi.

Bayan an sauko daga Mina ya aiko mana da tsire. Ina buɗe ƙunshin na ga layukan nota sun jiƙe da mai, fensirin malamina ya narke a cikin yaji. Na sa abaya na tafi shagonsa.

"Yaya, ina sauran takarduna?"

"Sun ƙare, ƙanwata," in ji shi, yana juya nama. "Takardar naɗi ta yanke mana ana tsakiyar ciniki. Ai sun yi amfani."

"Ka san na waye."

"Na sani. Ki sake bugo wasu a intanet mana."

Ya faɗa yana murmushi. Notar kam ana samu, amma hannun mamaci ba a bugo shi.

Ban yi masa faɗa ba. Yajin da ya yi wa shagonsa suna na mahaifiyarmu ne, haɗin da ta zo da shi daga Sakkwato ta hanyar Cadi, kuma ni kaɗai na tsaya na koya. Ni nake daka masa tun rasuwarta. Na ci gaba da dakawa kamar ba komai, ina gaishe shi, har shekara ta zagayo. Sai da ya sayi naman Hajji ya cika firji, ya ɗauki ƙarin ma'aikata, sannan na ce masa na daina. Washegari na kai haɗin gaba ɗaya wa wata bazawara 'yar Nijar mai gasa nama daura da shagonsa a tsallaken titi, na zauna na koya mata har hannunta ya faɗa.

Yayata ta zo tana kuka, ta ce na tozarta mijinta a kan takarda. Na ce mata shi ya fara, kuma yana sane. Shi da kansa ya zo daga baya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki yi wa Allah, ƙanwata."

"Ka nemo a intanet," na ce, na rufe ƙofa.

Layin masu saye ya koma tsallaken titi a wannan shekarar. Shagonsa bai rufe ba, amma ya sallami ma'aikatan, kuma yanzu yajin leda yake barbaɗawa. Ni da yayata mun shirya. Shi kuwa idan mun haɗu a gidan suna ko gaisuwar mutuwa, sai ya canza hanya.