Shaida Ta Uku ta Malam Habu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san 'yar wuƙar nan ta Malam Habu Mai Saiwa. Kullum tana aljihun jallabiyarsa, ita da carbi. Ku da kuka san shi kun san ba ya wuce itace bai tsaya ba. Sai ya zaro wuƙar, ya kankare ɓawo kaɗan, ya leƙa, ya sansana, sannan ya amsa sallamar da ka yi masa tun ɗazu. Maganarsa ɗaya ce: "Ba a raɗa wa itace suna sai an ga cikinsa." Ni kam na ji ta har ta gundure ni, don Allah ya ƙaddara ni ne mijin 'yarsa Zulai, kuma ni ne mai tasi a dangin.

Tun ranar farko ya nuna min halinsa. Na je gaishe shi a shagonsa na saiwoyi da kayan ƙamshi, na durƙusa, gumi na karyo min. Bai tambayi sana'ata ba, bai tambayi asalina ba. Wani busasshen abu ya miƙo min.

"Mene ne wannan?"

"Ganye ne, Baba."

"Ganye! Kai in na tambayi sunanka, 'mutum' za ka ce min?"

Ashe filasko ne, wanda Larabawa ke ce wa sanamakki. Sati biyu na yi ina haddar ganyaye kafin ya yarda a yi maganar sadaki.

Ranar biki ma bai bar mu mun huta ba. A bakin zauren da muka kama a unguwar Aziziyya an jera wasu shuke-shuke kore shar. Baƙi na ta shigowa, ana cigiyar uban amarya, sai ga shi can a tsugune yana kankara. Ya ɗago ya ɗaga murya: "Roba ce! Wallahi roba ce! Jama'a, ku zo ku ga itacen Makka da ba ya kaɗe ganye!" Kowa ya yi dariya ban da mai zauren, kuma ni ango ni na bi shi ina ba da haƙuri.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Babbar jarrabawata ita ce barbaris. Kun san jajayen 'ya'yan nan ƙanana masu tsami da ake barbaɗawa a kan shinkafa, waɗanda ake kawowa busassu daga ƙasashen sanyi. Itacensu yakan kaɗe ganye in sanyi ya kama. To, wani Balarabe Bayamani da ya koya wa Baba sana'a ya taɓa gaya masa akwai wani ɗan uwan itacen a dazukan kan duwatsun kudu, shi kuma kore yake shekara zagaye. 'Yan kasuwa suka mai da abin abin tsokana, duk wanda ya wuce shagon sai ya ce, "Malam, an gano shi kuwa?" Shi kuwa ya yi rantsuwa sai ya gan shi da idonsa, ya rubuta sunansa a kati, kamar yadda yake yi wa kowane ganye da ya danne cikin jarida a ƙarƙashin katifarsa.

Wa zai kai shi? Ai kun sani. Suruki ba a ce masa a'a, ko ido ba a haɗawa da shi balle musu. Duk Alhamis ɗin da ta yi masa sai in ji waya: "Lawal, yalla, mu tafi." Masu Umara sun cika gari, abokan aikina na ta ɗiba suna saukewa, ni ina can ina hawan hanyar Ɗa'if mai murɗe-murɗe, mota na nishi, birai na zaune a bakin titi suna kallona kamar sun san halin da nake ciki. Shi kuma yana gefe yana lissafa min da yatsu.

"Shaida uku ne. Ƙaya uku-uku a gindin ganye. Ciki rawaya kamar kurkum. Sannan ganye ya tsaya a jikinsa cikin tsananin sanyi."

Shekara tara muna wannan! Ƙaya ta yage min jallabiya ba adadi, na zame a kan dutse na yi targaɗe, shi ko sannu. Wata rana da abin ya kai ni bango, sai na ɗebi kurkum a kicin ɗin Zulai na ƙulle a leda. Da muka isa daji na faki idonsa, na kankare wata ƙaya, na goga mata, na ƙwala kira: "Baba! Allahu Akbar, ga shi!"

Ya taho a hankali, ya duƙa, ya sansana.

"Kurkum ɗin shagona ne wannan. Ni na ba Zulai." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Shaidar zur kuma da kayana, har da almubazzaranci."

Har muka dawo Makka ban iya ɗaga kai ba.

A shekara ta tara ɗin, cikin zafi, can kudu bayan garin Baha, a wani kwari tsakanin itatuwan kan dutse da ake kira ar'ar, muka ci karo da shi. Tsawonsa bai wuce ƙirjina ba. Baba ya ƙirga ƙaya: uku, uku, uku. Ya kankara, sai ga rawaya ɗorawa, wannan karon ba hannuna a ciki. Ya yanki reshe, ya zaro kati ya rubuta wuri da rana. Layin suna kuwa ya bar shi fari.

"Baba, rubuta mana! Kalas, an gama!"

"Shaida biyu ne. Cikin zafi kowane barbaris kore ne. Sai mun dawo da sanyi."

Nan fa kunya ta ƙare min. Na ce, "Haba Baba! Ko alƙali shaida biyu sun ishe shi!"

"Alƙali yana sauri ne don mutane na jiransa a layi. Ni wa ke jirana?"

Ya fizgi jan ƙyallen da ke kaina, ya yagi bakinsa ya ɗaure a reshe don alama. Nawa, ba nasa ba.

Ashe akwai mai jiransa. Kafin sanyi ya shigo ya kwanta kwana huɗu, muka sallace shi a Harami. Bayan an watse zaman makoki Zulai ta miƙo min wuƙar da katin. Na ce mata ni fa na gama da hawan dutse, ko shi da kansa ya dawo ba zan je ba.

Da sanyi ya tsananta na kama hanya ni kaɗai, ina mita tun daga Hindawiyya. Hazo ya rufe kwarin, yatsuna sun ƙage, na yi ta bulayi ina cewa wannan tsoho ko a kabari bai bar ni na huta ba. Can sai na hango jan ƙyallena. Na matsa. Ganye na nan cif a jikinsa, kore shar, raɓa na ɗiga.

Na zaro biro zan rubuta, sai na tsaya. Na fiddo wuƙar na kankara tukuna, na leƙa, na sansana. Sannan na cike layin sunan, rubutun duk ya karkace, ba don sanyi kaɗai ba.

Baba, shaida ta uku ta zo, kai ne da gaskiya. Allah ya jiƙanka, ya yafe min kurkum ɗin nan, ya sa ka a inuwar itatuwan da ganyensu ba ya kaɗewa. Amin.