Ranar da Muka Farke Littafin Kamfani a Riruwai

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke cikin ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'ya'yana ma'aikata, akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba. A tsakiyar shekarun 1950 ne, ina ƙaramin akawu a wani babban kamfanin haƙar kuza a Riruwai. Na shiga aikin da girmana, bayan na daɗe a karatun zaure.

Tsarin aikin shi ne, kowace yamma heluma, wato shugaban leburorin rami, yakan kawo kuzar da aka wanke a auna. Sai a rubuta nauyinta da yawan mutanensa a wani ƙaton littafi ɗinkakke, rana bayan rana. Idan ana son sanin amfanin kowane rami a shekara, mutum ɗaya ne zai rungumi littafin ya yi ta bi, sauran suna jiransa. Yakan ci wata guda.

A wannan Litinin aka aiko cewa babban manaja zai zo daga Jos ranar Alhamis don rufe rami ɗaya. Kowa ya san wanda ake nufi: ramin Heluma Mati, mutumin Doguwa, domin buhunansa sun fi na kowa ƙaranci a ido. Mati ya same ni a bakin ma'auni, ya ce mutanensa ba su yi noma ba bana saboda aikin nan, in an sallame su yunwa ce.

Na je wurin babban akawu, Malam Garba na Yako, na tuna masa yadda ake saukar Alƙur'ani a taro: ana raba izu-izu, kowa ya riƙi nasa, a kammala a zama ɗaya. Na ce a farke ɗinkin littafin, a raba watanni ga mutum shida. Ya dube ni ya ce, "Alaramma, littafin Bature ne fa, ba na zaurenka ba. In an kore ka, ni ba ni da gonar da zan ba ka."

Duk da haka ya kai ni wurin Baturen ofis, wanda muke kira Mai Lofe. Ya saurara, sannan ya tambaya ta bakin Malam Garba, wa zai tsare kuskure in hannaye sun yi yawa. Na ce muna da hanyar muƙabala, wadda masu kwafar littattafai ke yi: in mutum ya gama nasa, sai ɗan'uwansa ya karanta, shi kuma ya bi da ido. Ya yarda, amma ya ce in warƙa ɗaya ta littafin ta ɓace, da ita zan tafi, a bakin aikina.

Na sa wa kowane shafi lamba kafin in sa wuƙa a zaren. Muka zauna mu shida a kan tabarmi, har da malamin awo da mai tsaron sito, kowa da wata biyu. Mai sito ya yi ta ƙorafi cewa an ba shi watannin damina da ruwa ya jiƙa tawadarsu. Laraba kafin la'asar muka haɗa jimla, muƙabala ta kama kuskure uku, biyu daga cikinsu nawa.

Abin da ya bayyana shi ne, mutanen Mati kaɗan ne, amma in aka raba kuzar bisa kai, babu ramin da ya kama ƙafarsu. Wanda ke jan kamfanin baya shi ne babban ramin da aka kai wa inji. Da manaja ya zo ya karanta takardar jimlar sau biyu, ya dakatar da babban ramin, aka rarraba mutanensa a sauran ramuka. Mati ya ci gaba da aikinsa. Daga nan aka daina ɗinke littafin.

Na koyi cewa jinkirin lissafi yana iya zama zalunci, domin in bayani bai iso a kan lokaci ba, mai hukunci zai yanke da zato, kuma mai rauni zaton ke faɗa wa. Ku gaggauta, amma ku sa wani ya duba bayanku.

Allah Ya yi albarka ga wanda ya karanta wannan, Ya tsare shi da iyalansa, Ya halatta abincinsu. Amin.