Maitama Ya Ga Galmarsa a Cikin Gilashi

Duk wanda ya san kasuwar Kaura Namoda ya san Maitama mai awo. Da ƙuruciyarsa dako ya yi a tashar jirgin ƙasa, da harkar ta ja baya ya sayi tiya ya koma awon gero da dawa. Mutum ne mai ra'ayi a kan komai, daga farashin taki har yadda za a gyara duniya, kuma rashin mai tambaya bai taɓa hana shi bayar da amsa ba.

Da yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa Sufyanu, wanda ke tuƙi a wani kamfani a babban birni, ya aiko aka kai shi aka yi masa aiki. Bayan an cire bandeji Sufyanu ya ce bai kamata sabon ido ya ƙare a kallon bangon ɗaki ba. Ya ɗauke shi zuwa wani katafaren lambu da aka gina don tunawa da mazan jiya, mai gidajen tarihi a ciki.

Ciyawa ce ta fara tsayar da Maitama. Ga ta shimfiɗe, kore shar, wasu ƙarafa na juyi suna fesa mata ruwa, alhali tsakiyar rani ake.

"Sufyanu, bisashen wa ka cin wagga?"

"Baba, ba a ci. Ta kallo ce."

"To madalla. Ciyawa ta samu gata."

Ya ɗora ƙafa don ya ji laushinta, wani mai gadi ya busa usur kamar an kama ɓarawon akuya. Maitama ya janye ƙafar, ya ba ciyawar haƙuri.

A cikin gidan tarihin sanyi ya kusa kada shi. Wata budurwa mai suna Nadiya, wadda ke zagayawa da baƙi, ta tsayar da su gaban wani akwatin gilashi. A ciki akwai galma, da akushi, da turmi, kowanne an haska shi da fitila kamar amarya.

"Waɗannan su ne kayan da kakanninmu suka yi amfani da su a zamanin da," in ji ta.

Maitama ya matso da sabon idonsa. Irin galmar nan ce ya baro bayan ƙyaure, da ita ya yi huɗa a gonarsa ta Ɗan Isa a daminar da ta wuce.

"Ɗiyata," ya ce, "ashe na daɗe da mutuwa, ba wanda ya hwaɗa mini?"

Nadiya ta yi dariya har ta rufe baki, ta ce ai shi albarka ne. A waje kuma suka tarar da bukkar da aka gina ta gwaji, samari da 'yan mata na layi suna daka turmin da babu komai a cikinsa, ana ɗaukar su hoto.

Ƙarshen lambun wani dogon bango ne na baƙin dutse, an sassaƙa sunayen waɗanda suka rasu. Maitama ya sa Sufyanu ya karanta masa har muryarsa ta dushe, bai ji wanda ya sani ba. Sai ya tuna Dogo, amininsa na wani ƙauye a bayan Zurmi, wanda 'yan bindiga suka kashe yana tsakiyar noma. Ya tambayi wani ma'aikaci ko ana ƙara suna. Mutumin ya ce sai kwamiti ya zauna, kuma ba kowa ake sawa ba, sai wanda ya yi wa ƙasa wani abu.

"Hatsi kawai ya noma mata," in ji Maitama. Ya juya ya nufi ƙofar fita.

Da ya koma Kaura sai ya share zaurensa, ya rataye galma da akushi da tsohuwar fitilar ƙwai, ya mirgino turmin matarsa Kulsumu ya ajiye a tsakiya. Ya sanar a majalisa cewa ya buɗe gidan tarihi. Abokansa suka taya shi murna, suka raɗa masa suna Darakta. Baƙinsa na farko awakin maƙwabta ne.

Kulsumu ta leƙo da la'asar.

"Malam, in tarihi za ka ci yau ka gaya mini. In tuwo ne, miƙo turmina."

Turmi ya koma bakin aiki.

Haka aka yi ta dariya har ranar da Saliha, matar marigayi Dogo, ta iso da 'ya'yanta. Sun gudo daga ƙauye, sun kama ɗaki guda a bayan kasuwa. Ta zo da ƙyauren ɗakinta a kan amalanke, da laujen mijinta, ta ce ba ta da wurin ajiye su kuma ba ta iya barin su. Maitama ya jingine ƙyauren a bango, ya rataye laujen a sama.

Labari ya bazu a cikin 'yan gudun hijira. Wani ya kawo akumarin jakin da aka sace, wata ta kawo ƙoren nono daga wajen Jangeru, wani tsoho ya kawo dutsen niƙa. Kafin shekara zaure ya cika, sai a karkace ake shiga gidan. Duk wanda ya shigo, ko wuta ya zo ɗiba, sai Maitama ya tsare shi ya faɗa masa mai kowane abu da sunan garinsu. 'Yan majalisa ba su daina ce masa Darakta ba, sai dai yanzu sukan cire takalmi.

An taɓa samun wasu baƙi daga wata ƙungiya, suka zo da mota mai baƙin gilashi, suka ɗauki hotuna, suka yi alkawarin kawo akwatuna da na'urar sanyaya ɗaki. Maitama ya yi musu godiya, ya ce in sun tashi su haɗo da wutar lantarkin. Har yau suna hanya.

Bana da ruwa ya sauka wasu suka yi ta maza suka koma gonakinsu, suka zo suka karɓi kayansu. Maitama yana ta mita wai ana wawushe masa tarihi, amma shi ya ɗaura wa tsohon nan dutsen niƙansa a bayan babur da hannunsa. Saliha ba ta koma ba tukuna. Ranar Juma'a takan zo ta zauna a gindin ƙyaurenta, ita da Kulsumu suna ɓarar gyaɗa.