Wa Ke Fara Zaɓen Jarumi?

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na zauna gaban makirufo ina tambayar mutane ra'ayinsu kan wasan gem ba, ni da tarihi na karanta a jami'a, ban kuma taɓa riƙe abin buga wasan ba. Tunda sababbin ma'aikata suna yawan tambayata yadda shirinmu na jin ra'ayin masu sauraro ya koma yadda yake a yau, ga labarin.

A lokacin ina mataimakin shugaban sashen shirye-shirye, ni ke tsara shirin, ni ke gabatar da shi. Ga wanda bai san aikin ba, irin wannan shiri da kiran waya yake rayuwa: a gayyato baƙi, a buɗe layi, jama'a su kira. Namu kuwa an daɗe wayar ba ta ƙara sai in wani ya yi kuskuren lamba. A taron ma'aikata na ranar Litinin, Manajan gidan rediyonmu, Alhaji Sambo, ya ce in aka sake yin Asabar guda a haka, zai ba masu tallar maganin basir lokacin. Sannan ya zaɓa mana maudu'i da kansa, wato wani sabon gem da ya ji 'ya'yansa suna gardama a kai.

Na yi bincike gwargwadon hali. An tattaro jarumai ne daga wasu tsofaffin wasanni masu dogon labari, waɗanda matasa suka tashi da su, aka zuba su a fili ɗaya suna faɗa, uku da uku. Kowa yana zaɓen jarumi guda. Akwai mai takobi da ke shiga gaba, akwai mai harbi daga nesa, akwai kuma mai jinya, wanda aikinsa tayar da abokin da ya faɗi. In ba a tafi tare ba, ba a cin nasara.

Na gayyato ƙungiya guda daga wani gidan gem da ke unguwar Gidan Igwai. Babbansu Nasiru ne, mai shagon tayal, magidanci da ya ba arba'in baya. Sai ƙanensa Murtala, sai abokin Murtala, Istifanus, malamin lissafi wanda a nan aka haife shi, Sakkwatancinsa ma ya fi nawa. Kafin mu shiga ɗakin watsa shiri Nasiru ya fita alwala, sai na tambayi sauran biyun me ke sa su yawan shan kashi.

Murtala ya leƙa ƙofa tukuna. "Malam, wasan ga ba shi da laihi. Yaya na. Shi ka hwara zaɓe, kullum mai takobi. Da an buɗe hili sai shi ruga tsakiya shi kaɗai, a kashe shi."

"Ni kau in bi gawa," in ji Istifanus. "Tun da munka hwara ni am mai jinya. Ban taɓa ganin wancan gehen hilin ba."

Na ce me ya hana su gaya masa. Suka dube ni kamar na ce su gyara wa liman karatu a sallar Juma'a.

"Malam, shi yay yi man aure," in ji Murtala.

Da aka buɗe makirufo sai ra'ayoyi suka sake kama. Nasiru ya ce masu ƙera wasan sun ci amanar mai takobi, domin a tsohon labarin shi kaɗai yake kashe dodo, yanzu kuwa sun rage masa ƙarfi saboda hassada. Murtala ya ce matsalar sabis ce. Istifanus ya yi dogon bayani mai lissafi a kan ƙuncin filin. Waya ba ta motsa ba. Ta gilashi ina hangen Manaja tsaye, a bayansa kuma mai maganin basir zaune da jakarsa a cinya, yana duba agogo.

Na tambayi kaina ko ina da hurumin fallasa abin da aka faɗa mini bisa amana, in kunyata mutum gaban ƙanensa don in ceci shirina. Na ga ba ni da shi. Saboda haka na bar baƙin, na juya ga masu sauraro: "A ƙungiyarku, wa ke fara zaɓen jarumi, kuma me ya sa shi ne?"

Murtala ya sunkuyar da kai. Sai waya ta yi ƙara.

"Daga Gawon Nama ni ka kira, amma kar a hwaɗi sunana. Namu kawu na. In yam mutu sai shi ce wuta anka ɗauke, mu kuma janareto muka amfani da shi."

Kafin ya ajiye wani ya shigo. Nasa ubangidansa ne a wurin aiki. Na gaba ya ce nasa surukinsa ne, kuma wata rana ya yi ta tayar da shi daga mutuwa har yatsansa ya kumbura. Wata mata ta ce ƙannenta suna barin mijinta ya yi nasara a kansu da gangan, shi kuma yana shirin shiga gasa. Babu wanda ya yarda ya faɗi sunansa, babu kuma wanda ya ambaci sabis ko ƙuncin fili.

Nasiru yana ta gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya nemi a ba shi dama ya yi nasiha.

"Wallahi akwai su, na sha haɗuwa da irinsu cikin hili. Babba, in ka san hannunka ya mutu, ka ba yara wuri. Mu dai alhamdu lillahi, da shawara muka aiki. Ko ba haka ba, Murtala?"

"Haka na, Yaya."

Muka cinye lokacinmu har muka shiga na labarai. Mai maganin basir ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ranar Litinin Manaja ya tunatar da taro cewa shi ya zaɓi maudu'in da ya ceci shirin. Tunda abin ya nuna yana da hannu a harkar, in ji shi, daga yanzu shi zai riƙa gabatarwa, ni kuma in zauna a gefensa in taimaka. Ya tambaya ko akwai mai magana. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da nake zaune da digiri a gida. Na ce, "Ranka shi daɗe, Allah ya ƙara basira."

Yau shirin yana nan, ba wanda zai taɓa shi. Manaja yana buɗe shi da jawabin da ke cin rabin lokaci, in ya ɓace a tsakiyar jimla ni ke nemo masa ƙarshenta. Da ya tambayi dalilin raguwar kira, injiniyanmu ya ce sabis ne, ni kuma na ƙara da cewa wayar ta tsufa.

Abin da na koya, ku da za ku gaji aikin nan, shi ne kafin ku naɗi ra'ayin mutum ku duba wanda ke zaune kusa da shi. Kwanakin baya na haɗu da Istifanus a bakin titi yana jiran Keke Napep. Ya ce, "Malam, ya aiki?" Na ce masa ina nan ina jinya.