Shekarar da Na Yi wa Na Ɗaya Walima

Ku matso, ku kife wayoyinku, ga ta nan ga ta nanku.

A shekarar da hukumar gari ta rufe laburaren unguwarmu, ina zaune a unguwar Rusholme, can ƙasar Turawa, wurin ɗana mai karatun digiri na uku. Jikoki biyu gare ni sa'annin juna, 'yan shekara goma sha uku: namiji a gabana, mace a Birmingham wurin 'yata. Na yi alkawari duk wanda ya fi ƙoƙari a makaranta shi zai gaji agogon marigayi kakansu.

Ni ban yi boko ba, amma na raini 'yan boko bakwai, na kuma san ƙa'ida. Na ɗaya shi ne gwani, tara kuwa faɗuwa ce warwas. Lambobi ma na iya su, a goshin bas na koya.

Makarantar yaron ta daina buga takarda, wai tsimi ake, sai ta waya. Ubansa kullum yana jami'a. Yaron ya nuna mini da kansa: biyu, ɗaya, biyu, uku. Na ce, "Maigidana, ɗaya nake gani a lissafi?" Ya ce abin da aka rubuta ke nan, Kaka. Bai yi ƙarya ba, wannan zan shaide shi har gaban Allah.

Na buga Birmingham, aka karanto mini na yarinyar: takwas, tara, tara, takwas. Na yi salati na kashe wayar.

Ranar Asabar na dafa waina da miyan taushe, na tara matan unguwa, na ɗaura wa yaron agogo. Na kuma roƙe su addu'a ga 'yar'uwarsa, na ce kanta ya toshe. Uwarsa ta yi ta yi mini ido daga kicin, na ɗauka gishiri ne bai ji ba.

Washegari na hau babbar bas zuwa Birmingham da ƙullin zabibi da kwalbar zuma, maganin buɗe ƙwaƙwalwa. Kwana uku ina ɗura wa yarinyar zabibi ashirin da ɗaya kafin karin kumallo, tana ci tana kallona. 'Yata ta fara magana, na ce ta yi mini shiru, sangarta ce ta kawo mu nan.

Surukina mijin 'yata, Bahaushen Kumasi ne mai tuƙin bas, shi ya durƙusa a rana ta huɗu, kansa a ƙasa. Ya ce, "Mma, a gafarce ni. A nan daga sama ake ƙirgowa. Tara ita ce ƙololuwa."

Na tambaye shi to wa ya zo na ɗaya a ajin. Ya ce babu wannan, kowane yaro ana yanka masa inda ake so ya kai, da kansa yake tsere. Na ce tseren mutum ɗaya ai ko gurgu ya ci. Sai na tuna maigidana da lambobinsa.

Kyauta dai ba a karɓe ta. Na kira yarinyar na ce ta zaɓi sarƙa ko ɗan kunne. Da Hausarta mai ƙamshin Turanci ta ce, "Kaka, I don't want agogo, ba ya ma tafiya. Matan da kika gaya wa kaina ya toshe, su nake so ki gaya wa."

Na kwana biyu ina juya maganar, don tsohuwa ba ta saba janye zance a gaban jama'a ba. Amma na koma Rusholme tare da yarinyar, na sake jiƙa shinkafa, na sake tara matan, yarinyar na zaune a kujerar tsakiya. Na miƙe tsaye na ce ni ce kaina ya toshe. Wata Hajiya daga Salford ta ce to a ba ni zabibin. Aka yi dariya har waina ta huce.

Yarinyar yanzu tana haɗa magunguna a asibiti, ko a biredi ta ga zabibi sai ta tsince. Yaron ya sha faɗa wurin ubansa, ya hau zuwa biyar, yau shi ke gyaran tukunyar ɗumama gidajen rabin unguwa. Ɗana ya gama ya koma gida koyarwa. Surukina yana nan kan bas ɗinsa. Ni kuwa gwiwa ta zaunar da ni a Birmingham, a ɗakin da yarinyar ta bari.

Ƙurunƙus, tawa ta ƙare a nan.