Mai Jirgi Shi Ka Hita Ƙarshe

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama aka haife ni. Babana na cikinsu. Ya ga teku, ya ga Baturen da ke jan jirgin yaƙi ya tsaya cikin hayaƙi har yaransa suka gama sauka. Da Baba ya dawo sana'ar fito a gulbin Gummi, bai taɓa riga kowa taka tudu ba. Ran da kwale-kwalenmu ya huje, ruwa har gwiwarsa, ya ce, "Hita, ɗiyata, mai jirgi shi ka hita ƙarshe."

Jiya wani matuƙin kwale-kwale ya dire tudu ya bar mu ciki muna tangaɗi. Na faɗa mishi yadda Baba ka yi, ya ce, "Inna, tatsuniya ce." Wa zai shaide ni? Cikin waɗanda suka san Baba saura ni da tsarata Hajo, ita ma kunne ya tafi. Allah ya haskaka kabarin Baba.