Ƙwayar da na ajiye saboda ciki

Assalamu alaikum. Fiye da shekara ashirin ban taɓa faɗar wannan a fili ba. Ina da farfaɗiya. Yau na rubuta ne saboda Sista Rabi, ungozomar da ta karɓi haihuwata, ta rasu ranar Talata.

Ina amarya a wani ƙauye kusa da Miga ciwon ya fara. Ina tatsar nono sai na ji wari kamar na ƙonannen tsumma. Na farka a ƙasa, ƙwarya ta kife, harshena na jini. Mata sun tsaya nesa kada yawuna ya taɓa su.

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Daga baya maigida ya kai ni asibiti a Dutse, likita ya rubuta min ƙwaya, kullum ɗaya. Faɗuwar ta tsaya.

Da na samu cikin fari na je awo a ƙaramin asibitin kusa da mu. Na nuna wa ma'aikaciyar ƙwayar. Ta ce, "Mai ciki ba ta shan irin wannan. Ajiye sai kin haihu."

Na ajiye. Ita ce mai farin kaya, ni a aji shida na tsaya.

A wata na bakwai na faɗi a bakin murhu, na ƙone hannu. Sau uku na faɗi a yinin. Kafin mu isa asibitin Jahun yaron ya daina motsi. Namiji ne. Ban riƙe ma'aikaciyar nan a zuciya ba, iya saninta ke nan.

Ciki na biyu ya zo shekarar da aka fara shari'a. Na sake ajiye ƙwayar da kaina, ban gaya wa kowa ba. Lokacin aka kawo mana Sista Rabi. Tana gwada jinina ta ga tabon.

"Ƙanwata, wannan wutar girki ce ko ta faɗuwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaushe rabonki da magani?"

"Sati uku."

"To gobe Dutse za ki. Ga takarda, ki ba likita hannu da hannu."

Ban ma fita ba ciwon ya kayar da ni a kan benci. Surukata ce ta ba ni labari. Masu awo suka watse, ita kuma ta zaro cokali za ta tura min a baki. Sista ta riƙe hannunta.

"Inna, mai da cokalin nan jaka, haƙoranta za ki karya."

Ta kwantar da ni a gefe, ta share min yawu da tafin hannunta, ta ɗaga musu shi. "Ku duba. Ba a ɗauka."

Likita ya gyara min maganin, na sha har na haihu. Mace ce, lafiya lau. Ranar da aka sallame ni Sista ta ja surukata gefe: a yi wankan jego, amma kada a bar ni ni kaɗai da tukunyar ruwan zafi.

Shekara sha tara rabona da faɗuwa. Alhamdulillahi.

'Yar'uwa, in kina shan wannan magani kika samu ciki, kada ki ajiye sai kin ga likita. In wani ya faɗi, ku kwantar da shi a gefe, kada ku sa masa komai a baki. Masu aikin awo, don Allah abin da ba ku sani ba ku tura gaba.

Jiya muka je ta'aziyya da 'yata. Aka tambayi sunanta, ta ce Rabi. Allah ya jiƙan mai sunan.